WAƘA A BAKIN MAI ITA TA FI DAƊI: A Koya Wa 'Ya'yan Gudun Hijira Na Maiduguri Rubuta Labarinsu Da Kansu

Tun daga lokacin da rikicin Boko Haram ya tarwatsa mutanen Barno, an yi tarurruka da dama a kan ilmin 'ya'yansu. Ƙasashe masu ba da agaji sun taru a Oslo ta ƙasar Norway cikin Fabrairu, 2017, domin duba halin da yankin Tafkin Cadi ke ciki. An kuma yi babban taron duniya na huɗu a kan tsaron makarantu a Abuja daga ran 25 zuwa 27 ga Oktoba, 2021. Ban da waɗannan akwai na jami'o'i da na ma'aikatun ilmi da na ƙungiyoyin agaji, waɗanda ba su lissaftuwa.

A irin waɗannan wurare, in aka zo kan zancen Maiduguri, mai gabatar da ƙasida yakan miƙe ya zayyana lissafi, ya ce an gina azuzuwa kaza, an ɗauki yara kaza, an raba littattafai kaza. Lissafin nan yana da amfaninsa, domin da shi ake neman kuɗi, da shi kuma ake sanin inda aka kwana. Amma akwai wata tambaya da ba a cika jin an yi ta ba, ita ce kuwa: yaran nan da aka koya wa baƙi, me suka rubuta da hannunsu, kuma wa ya karanta? A kan wannan tambaya za mu yi magana, domin duk wanda zai tsaya gaban masana ilmi da sunan yaran Barno ya kamata ya tafi da amsarta.

YADDA AL'AMARIN YA FARU

Mai karatu zai tuna cewa wutar ta tashi ne a cikin Maiduguri a watan Yuli, 2009, sa'an nan ta bazu zuwa ƙauyuka. Shekarar 2014 ita ce mafi muni ga makarantu. A Fabrairu aka kashe ɗalibai maza a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi cikin Jihar Yobe. A Maris gwamnatin Barno ta rufe makarantunta na sakandare. Ran 14 ga Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok. Gwoza ta faɗi a Agusta, Bama a Satumba, Baga kuwa a Janairu, 2015. Jama'a suka kwararo Maiduguri, waɗansu a ƙasa, waɗansu a bayan manyan motoci, aka sauke da yawansu a cikin makarantun da aka rufe, har aka yi fiye da shekara biyu kafin makarantun sakandaren gwamnati su koma aiki. Waɗansu kuma suka tsallaka iyaka, suka zauna a Minawao ta Kamaru, da yankin Diffa ta Jumhuriyar Nijar, da Baga Sola ta Cadi.

A shekarar 2017 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, ya ba da sanarwa cewa tun daga 2009 an kashe malamai fiye da 2,295 a Arewa maso Gabas, an raba waɗansu 19,000 da gidajensu, an kuma rushe makarantu kusan 1,400. Gwamnatin Barno ita ma ta sha faɗi cewa marayun da rikicin ya bari sun kai kimanin 50,000.

Ba a zauna an naɗe hannu ba. Tun a 2007 wani lauya, Malam Zannah Mustapha, ya buɗe makarantar marayu a Maiduguri da yara 36, ya riƙa karɓar 'ya'yan waɗanda aka kashe daga kowane ɓangare, ya zaunar da su a aji ɗaya, abin da ya sa Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017. Wani shiri da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa daga 2014 ya kakkafa azuzuwan wucin gadi na wata tara a jihohin Adamawa da Bauchi da Gombe da Yobe da Barno, yara fiye da 80,000 suka ratsa ta cikinsu. Gwamnatin Alhaji Kashim Shettima ta gina manyan makarantu na marayu, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe waɗansu a Afrilu, 2019. Daga baya Gwamna Babagana Umara Zulum ya shiga rufe sansanonin cikin gari, aka rufe Bakassi a ƙarshen 2021, aka rufe Dalori a 2022. Ana cikin haka sai madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ran 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya ci rabin gari, makarantu suka sāke zama masauki.

To, yaron da aka goyo daga Bama yana jinjiri a 2014 ya cika shekara 11 a 2025, bai kuwa san garinsu ba sai a bakin kakarsa. Wanda ya fito yana ɗan shekara 10 ya zama saurayi mai shekara 21, ya kuwa ga abin da ba a fatan yaro ya gani. Su ne mutanen da muke magana a kansu.

KWAFA DABAN, INSHA'I DABAN

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san cewa yaro yana iya cika littafi fal da rubutu alhali bai rubuta kome ba. Malam ya rubuta a allo, yaro ya kwafa, a duba a ba shi maki. Wannan horon hannu ne, kuma dole a fara da shi. Insha'i kuwa shi ne yaro ya ɗauko abin da ke cikin kansa, ya jera shi daki-daki, ya sa a takarda yadda wani da ba ya wurin zai karanta ya gane. A nan ne tunani yake nuna, a nan ne kuma karatun da aka koya yake kama ƙasa, domin wanda ya saba shirya jimla da kansa ba ya mance baƙi da wuri.

A ajin da yara suka yi wa malami ɗaya yawa, insha'i shi ne abin da ake fara yarwa, saboda gyaransa yana cin lokaci. Shi ya sa za ka ga matashi ya gama firamare, yana iya karanta allon sanarwa, amma in ya tashi rubuta takardar neman aiki, ko ƙorafi a kan gonar mahaifinsa da wani ya shige a bayan gudu, sai ya nemi mai rubuta masa. Ga mutumin da ya rasa gida da takardun shaida, iya rubuta bayani da hannunsa makami ne na neman haƙƙi.

DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

Kada wani ya ɗauka baƙon abu muke kawo wa Barno. Ƙasar nan ta alƙalami ce tun fil azal. Limamin Mai Idris Alauma, watau Imam Ahmad bin Fartuwa, ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙen sarkinsa a 1576 da 1578, har yau kuwa da littattafansa masana tarihi suke aiki. Wasiƙun da Shehu Laminu ya yi musaya da Muhammadu Bello na Sakkwato suna nan ana nazarinsu. Almajirai kuma daga ko'ina cikin ƙasar Hausa gabas suke nufa in suna son hadda da kyan rubutun Alƙur'ani.

Abin da ya fi wannan kusa da zancenmu shi ne labarin waɗansu samari uku da tashin hankali ya raba da gidajensu a ƙarni na 19. Na farko shi ne Ali Aisami Gazirma, ɗan wani malami, wanda ya ga faɗuwar Birnin Gazargamu a 1808. Bayan 'yan shekaru aka kama shi, aka sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato su, aka sauke shi a Saliyo a 1818. A can, bayan ya tsufa, ya zauna da wani Bajamushe mai suna Sigismund Koelle ya faɗa masa labarinsa da tatsuniyoyi da karin magana na Barebari, aka buga a Landan a 1854.

Na biyu shi ne Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda aka kama yana yaro aka kai shi Kukawa. Wani Bature matafiyi, Adolf Overweg, ya 'yanta shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Bayan rasuwar Overweg a 1852 suka bi Heinrich Barth har Tambutu, daga nan suka tafi Ingila a 1855. Dorugu ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa ga J. F. Schön, aka buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ya rasu a Kano a 1912.

Na uku shi ne Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa, ɗan Barka Gana, ɗaya daga cikin manyan jarumawan Shehu Laminu. Mahara suka sace shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Santambul, daga nan Rasha. Ya isa Amurka a 1860, ya shiga soja a 1863 lokacin yaƙin basasarsu, ya koyar a makarantun baƙar fata, ya kuma wallafa tarihin rayuwarsa a 1873.

Dubban yara aka kora tare da waɗannan uku, amma nasu labarin kaɗai ya iso gare mu, don kuwa shi ne ya hau takarda. Sai dai a lura da wani bambanci. Ali Aisami da Dorugu faɗa suka yi wani ya rubuta, mai rubutun kuwa harshe yake nema domin aikinsa na mishan, shi ya zaɓi abin da zai tambaya da abin da zai bari. Ɗan Sa'id shi ya riƙe alƙalaminsa, ya faɗi abin da ya ga dama a kan sarakunan Turai da biranensu. Irin matsayin ɗan Sa'id muke nema wa yaran yau.

LITTATTAFAN DA AKA BINNE A SAMBISA

In ana neman shaida ta zamaninmu, ga ta a labarin 'yan matan Chibok. Waɗanda suka tsare su sun ba su littattafan rubutu domin darasi. Waɗansu daga cikinsu suka mai da littattafan nan wurin ajiye labarin abin da ke faruwa da su, da Turanci da Hausa, a ɓoye, suna binnewa a ƙasa ko su ɗaura a jiki in an zo bincike. Da aka sako 'yan mata 82 a Mayu, 2017, aka fito da waɗansu daga cikin littattafan. Daga cikinsu ne duniya ta ji bayanin daren da aka kwashe su daga bakin waɗanda abin ya faru a kansu. Babu malamin da ya sa su, babu ƙungiyar da ta biya su, kuma sun san abin da zai same su in an kama su. Ashe buƙatar rubutun tana nan a zuciyar yaran, abin da ya rage a ba ta hanya.

Duk da haka, in ka duba littattafan da aka wallafa a kan wannan masifa, za ka tarar yawancinsu da harsunan Turai suke, kuma waɗansu ne suka rubuta a madadin masu labarin. Helon Habila ya fitar da nasa a kan Chibok a 2016, Adaobi Tricia Nwaubani ta fitar da ƙagaggen labarinta a 2018, waɗansu 'yan jaridar Amurka da Jamus su ma sun yi nasu. Mun gode musu, sun yi aikin kirki. Da Hausa ma, labarin da ya ci gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC a shekararta ta farko, 2016, shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira. Wata 'yar Maiduguri kuma, Fati Abubakar, ta ɗauki kyamara tun 2015 tana nuna wa duniya cewa ana biki ana ciniki ana zuwa makaranta a garinsu. Amma ina littafin ɗan Gwoza da ya sauko daga dutse cikin dare? Ina na 'yar Baga da ta tsallaka tafki a kwalekwale? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

DA WANE HARSHE?

Nan ne gizo yake saƙa. Maiduguri gari ne na Barbarci da Hausa, amma waɗanda suka shigo sun zo da Larabcin Shuwa da Margi da Babur da Kibaku da Mandara da Fillanci da harsunan duwatsun Gwoza. A 2017 ƙungiyar masu fassara ta Translators without Borders ta gwada mazauna waɗansu sansanoni da unguwanni a kewayen Maiduguri da 'yar gajeriyar takarda ta Hausa ko Barbarci, ta tarar kimanin kashi 23 cikin ɗari ne kaɗai suka iya amsa tambaya mai sauƙi a kanta. Waɗanda suka komo daga Nijar da Cadi kuwa waɗansunsu da Faransanci suka fara cin karo a aji.

Manufar gwamnati ma ta sauya sau biyu cikin shekara uku. A Nuwamba, 2022, Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A Nuwamba, 2025, Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya tsaya a wani taro a kan harshe da ilmi a Abuja ya ce an soke wannan, an koma Turanci. Masana suna ta muhawara a kai, ba kuma nan ne wurin yanke musu hukunci ba. Abin da za mu ce shi ne, ƙungiyar marubuta da ke zama bayan an tashi makaranta babu dokar da ta hana ta barin yaro ya fara da harshen da yake mafarki da shi. In ya rubuta da Barbarci ko Margi, sai a taimake shi ya juya zuwa Hausa da Turanci, ya ci riba biyu. Barbarci yana da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu tun tsakiyar shekarun 1970, da ƙamus da Norbert Cyffer da John Hutchison suka fitar a 1990, Jami'ar Maiduguri kuma tana da sashen harsuna da zai iya horar da masu jagora.

Kada kuma a mance da ajami. Yara da yawa da ake sa wa suna jahilai a takardun ƙidaya sun yi shekaru a tsangaya suna wanke allo suna rubutawa da tawada, hannunsu ya fi na ɗan boko kyau. Wanda ya iya baƙin Larabci ya riga ya yi rabin tafiya. A bar shi ya rubuta labarinsa da ajami, a nemi haɗin kan Hukumar Ilmin Larabci da Tsangaya ta Jihar Barno da alarammomi, sa'an nan a ɗora masa boko a kai.

A YI HATTARA DA MIKI

Akwai masu cewa rubutu magani ne ga zuciyar da ta ga tashin hankali. Maganar tana da tushe. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya dame su na minti 15 kwana huɗu a jere, ya ga zuwansu asibiti ya ragu a watannin da suka biyo. Daga baya wata gidauniya ta ƙasar Norway mai kula da yaran da yaƙi ya shafa ta shirya irin wannan darasi domin matasa. Da aka gwada shi a kan 'yan gudun hijirar Afganistan da ke Iran, waɗanda suka rasa 'yan'uwa, an ga baƙin cikinsu ya sassauta. Da aka gwada a Gaza kuwa ba a ga wani amfani a fili ba, har ma damuwar waɗansu ta ƙaru na ɗan lokaci. An buga sakamakon duka biyun a 2012.

Darasin da ke nan a bayyane yake. Malamin insha'i ba likita ba ne, bai kuwa kamata ya ce wa yara kowa ya rubuta ranar da aka kashe mahaifinsa ba. Fama miki ba tare da magani a hannu ba zalunci ne. In yaro da kansa ya kai alƙalaminsa wurin, sai a saurare shi, a kuma san inda za a kai shi in abin ya fi ƙarfin aji. Maiduguri tana da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya, akwai kuma ƙungiyoyi irin su Gidauniyar Neem ta Dokta Fatima Akilu, wadda masaniyar halayyar ɗan Adam ce kuma marubuciyar littattafan yara. Kafin a buɗe aji a ƙulla zumunci da irinsu.

Akwai kuma hatsarin tonon asiri. A aji ɗaya za a sami ɗan wanda aka kashe da ɗan wanda ya yi kisan, da yarinyar da ta komo daga daji da goyo. Magana zarar bunu ce, rubutacciya kuwa ta fi wuyar mayarwa. Saboda haka littafin yaro nasa ne, ba a karanta shi a bainar jama'a sai da yardarsa da ta waliyyinsa, ba a buga sunansa na gaskiya ko hotonsa, ba a kuma ɗauki hawayensa a yi tallar neman kuɗi da shi.

ME ZA A RUBUTA, WA ZAI KARANTA?

A fara da gida. A ce wa yaro ya zana taswirar garinsu, ya sa sunayen unguwanni da rijiyoyi da inda kasuwa take ci. Wanda bai san garin ba ya je ya tambayi kakarsa ya rubuto. Ɗan Baga ya bayyana yadda ake banda kifi, ɗan Damasak ya faɗi yadda ake noman tattasai a bakin kogi, ɗan Gwoza ya kwatanta yadda ake jera duwatsu a yi gona a jikin tsauni, 'yar Bama ta rubuta yadda ake ɗinkin hula tun daga zane har wanki. A tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin niƙa da na reno da kirarin dangi. Tsofaffin da suka san waɗannan abubuwa suna ƙarewa a gidajen haya na Maiduguri, akwai kuma ƙauyukan da har yanzu ba a koma ba. Abin da jika bai rubuta ba daga bakin kakarsa, kabari zai tafi. Daga nan sai a shiga wasiƙa, da takardar koke, da rahoton abin da ya faru a unguwa, da gajeren labari, da waƙa.

Tun da an rufe yawancin sansanonin cikin gari, yaran sun bazu a unguwanni da garuruwan da aka mayar da mutane, irin su Bama da Banki da Monguno. Don haka shirin sai ya bi su inda suke, ya jingina da makarantun gwamnati da Islamiyyu da tsangayu da makarantun coci, domin su ne za su daɗe bayan baƙi sun naɗe tabarmarsu.

Marubuci kuwa ba ya ɗorewa sai da mai karatu. A kafa jaridar bango a kowace makaranta. A roƙi gidan rediyon jiha ya ba da rabin sa'a a mako a karanta zaɓaɓɓu da Barbarci da Hausa. A ƙarshen shekara a buga ɗan ƙaramin littafi, a ajiye kwafi a ɗakin karatu na jami'a. A sansanin Kakuma na ƙasar Kenya 'yan gudun hijira da kansu suka kafa jaridarsu mai suna Kanere a 2008. Mu ma nan Arewa mun san wannan hanya. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, alhali Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa ba su fi shekara 22 ba. Shaihu Umar ɗin ma labarin yaro ne da aka sace aka ƙetara Sahara da shi. A shekarun 1950 kuma, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna 'yan jaridunsu, Lardin Barno ya sami Albishir, domin wanda ya koyi baƙi ya sami abin karantawa da wurin aika wasiƙa.

MAGANAR KUƊI

A shekarar 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, wadda ta ɗauki nauyin shirye-shiryen ilmi da dama a Arewa maso Gabas, waɗansu ƙasashen ma suka rage abin da suke bayarwa. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci ya san ranar da zai kwana da yunwa. Sa'ar da aka yi ita ce wannan aiki ba ya cin kuɗi kamar gini. Abin da yake bukata shi ne littafin rubutu da fensir, da inuwa, da malami guda da aka horar aka kuma ba shi ɗan alawus a kan kari. Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta jiha da Hukumar Raya Arewa maso Gabas da attajiran Barno suna iya ɗaukar wannan ba tare da jiran kowa ba. Ƙungiyoyin marubuta na Kano da Kaduna da Katsina su ma suna da rawar takawa, ko da ta aiko da littattafai ce da zuwa koyarwa lokacin hutu.

GA MAI ZUWA TARO

Saboda haka muna ba duk malami ko jami'in da aka gayyata ya gabatar da ƙasida a kan wannan batu shawara kamar haka. Ya tafi da lissafinsa, amma ya haɗa da littafin yaro guda, da izinin mai shi, ya nuna wa mahalarta shafin farko da shafin ƙarshe, su gani da idonsu tafiyar da aka yi cikin wata tara. Ya faɗi gaskiya a kan waɗanda suka daina zuwa da dalilinsu, ko talla ce, ko aure, ko komawa ƙauye, domin taron da ba a faɗin inda aka gaza ba ya gyara kome. Ya bayyana harshen da aka yi aiki da shi, da wanda ya mallaki rubutun, da abin da aka tanada in yaro ya rikice. Kada ya yi alkawarin cewa rubutu yana warkar da kowa.

Abu na ƙarshe, in an ba shi minti ashirin, ya ɗauki goma ya bar wa ɗaya daga cikin matasan goma, ya hau ya karanta abin da ya rubuta da bakinsa, da harshen da ya zaɓa, a nemo tafinta. An yi shekaru fiye da goma ana magana a kan yaran nan a ɗakunan taro na Abuja da Turai, da yawansu kuwa yanzu sun zama magidanta da matan aure. Za a rubuta tarihin wannan zamani ko ana so ko ba a so, sojoji za su ba da nasu, 'yan siyasa za su ba da nasu, masu tayar da ƙayar baya ma sun bar nasu a faifan bidiyo. Ya rage ga hukumomin ilmi da malamai da iyaye su tabbatar cewa na yaran Bama da Gwoza da Baga da Damasak ya shiga ciki, da hannunsu.

Allah Ya zaunar da Barno da Nijeriya baki ɗaya lafiya, Ya mai da kowa gidansa, amin.